An zare min waya a Oshodi, lambobin shekara 14 sun tafi

Mai Albasa Mile 12:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Jiya Talata wajen biyar na yamma aka zare min waya a Oshodi ina kokawar shiga danfo. Ban ji komai ba wallahi, sai da kwandasta ya ce a kawo kuɗi na sa hannu a aljihu na ji wayam. Wayar ba ita ta hana ni barci ba, Allah zai hore wata. Lambobin ciki ne. Shekara 14 ina tara su: manoman Aliero, dillalan Gwadabawa, direbobin tirela, Yarabawan da ke saro a wurina daga Ketu da Ikorodu, da waɗanda nake bi bashi da ban san gidajensu ba, lambar ce kawai igiyar da ke tsakaninmu. Ga mota ta taso daga Kebbi shekaranjiya da kayana, ban san ko ta haye Jebba ba, lambar direban na cikin wayar. Ranakun da na yi wa mutane alƙawari ma duk a ciki nake rubutawa. Da wayar ɗana nake wannan rubutu. Akwai yadda za a yi su dawo? Kuma ku ina kuke ajiye naku?

Baban Walida:
Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri Alhaji. Oshodi da yamma sai addu'a.

Injiniya Ikeja:
Allah ya mayar da mafi alheri Baba. Amma kafin maganar lambobi, an rufe layin? Wannan ne na gaggawa. Ɓarawon yanzu layin yake so fiye da wayar, domin da shi ake shiga asusun banki ta lambobin nan masu tauraro. A kira banki yau a dakatar da asusun, a je ofishin kamfanin layi da NIN a yi welkam-bak a karɓo lambar. Da zarar sabon sim ya tashi, wanda ke hannun ɓarawo ya mutu.

Mai Albasa Mile 12:
Banki na kira tun daren jiya da ƙaramar wayata. Layi kuma yanzu muka dawo, sun ce zai tashi zuwa anjima.

Injiniya Ikeja:
Madalla. To ga yadda abin yake Baba. Lamba in ka adana ta, ɗaya daga cikin wurare 3 take kwana: ko a kan sim, ko a cikin ƙwaƙwalwar wayar kanta, ko a asusun Google (masu iPhone kuma iCloud). Ta kan sim ta tafi da tsohon sim, don welkam-bak lambarka kaɗai yake dawo maka da ita, sabon katin fanko ne. Ta cikin waya ta bi ɓarawo. Ta asusun Google kuwa tana nan daram, ko wayar ta faɗa lagun. Sim ma yawanci bai wuce lamba 250 yake ɗauka ba, kuma yana datse dogon suna, saboda haka wanda ya tara mutanen shekara 14 da wuya a ce duk a sim suke. Tambayar ita ce: ka san adireshin Gmail ɗin da ke kan wayar, da kalmar sirrinsa?

Mai Albasa Mile 12:
Ina fa. Yaron shagon da na sayi waya shekarun baya shi ya buɗe. Duk sanda na sauya waya ɗana ke zuba min kaya daga tsohuwar zuwa sabuwar. Ni dai WhatsApp na ce a sa min.

Injiniya Ikeja:
Ciwon da nake gani kullum a kasuwar wayoyi ta Computer Village ke nan. Mutum ya zo da waya ta dubu ɗari biyu, dukiyarsa gaba ɗaya na rataye da wani imel da yaron shago ya ƙirƙira cikin minti biyu, ya sa kalmar sirrin da shi kansa ya manta kafin la'asar. Kamar ka gina shago ne ka bar makulli a hannun birkila. Amma kada a fid da rai. In yaron ya sa lambarka a matsayin ta farfaɗo da asusu, idan layi ya tashi za a iya neman adireshin da ita, Google ya turo lambar tabbatarwa ta tes. Sai dai yana tambayar sunan da aka yi rijista da shi, nan ake shan wahala.

Dattijon Agege:
Ku yara kun cika son wahala. Ni tun 2001 da aka kawo wayar salula ƙasar nan nake riƙe da waya, lokacin da layi kaɗai ya fi kuɗin wayar wasunku. Waya ta ɓace min ta fi sau biyar, ban taɓa rasa lambar kowa ba. Littafi ne da ni mai baƙin bango a cikin durowa, duk wanda na yi hulɗar saniya ko rago da shi a Oko-Oba sunansa na ciki, da garinsu, da wanda ya haɗa mu. Littafi ba ya neman caji, ba ya neman data, ɓarawon danfo bai san da shi ba. Alhaji ka sayi littafi kawai.

Maman Abba Idi-Araba:
Baba Allah ya ƙara girma, littafi ma yana da nasa. Ruwan saman nan na Yuli da ya shigo mana ɗaki, littafin adashena ya jiƙe, tawada ta narke, sai da na bi mata 22 ɗaya bayan ɗaya ina tambayar wace ta zuba wace ta ɗauka. Wasu har yau muna 'yar tsama.

Dattijon Agege:
Da biro za ki rubuta 'yata, ba da alƙalamin tawada ba. Kuma a sa a leda.

Injiniya Ikeja:
Baba ba na ja da littafi, ni ma kalmar sirrin iyayena a takarda na rubuta na ba su. Abin da littafi ba ya yi shi ne ya bi ka kasuwa ya rubuta da kansa. Lambar da ka karɓa a tsaye bakin tirela, hannu duk ƙasa, yaushe za ka koma gida ka kwafe ta? Asusun Google da ka danna adanawa ya ɗauka, muddin akwai data. A gama biyun: lambobi a asusu, makullin asusun a littafin Baba.

Tsohon Ma'aikacin Banki:
Muhawarar nan ta tuna min da baya. Kafin wayoyin nan, a Marina manyan manajoji wata na'ura suke riƙewa mai suna PalmPilot, irin ta farko ta fito 1996. Ba a kira da ita. Aikinta huɗu ne: lambobi, kalanda, jerin ayyuka da ɗan rubutu, kana rubutawa da wani ɗan tsinke a kan gilashi. Da yamma ka ɗora ta a kan mazauninta da ke jone da kwamfuta, ka danna maɓalli ɗaya, abin da ke cikinta ya koma kwamfuta, na kwamfuta ya shigo cikinta. Tun lokacin an gane cewa abin hannu faɗuwa yake, dole a sami kwafi a wani wuri. Daga baya BlackBerry ta zo, kowa na rabon fin ɗinsa na BBM, manhajar hirarta, kamar goron biki. A 2019 aka rufe BBM ɗin jama'a, mutanen da fin kaɗai ka sani sai suka ɓace maka. Shi ya sa nake gaya wa 'ya'yana, duk wanda kuka sani ta manhaja kawai, ku karɓi ainihin lambarsa.

Ɗan Canji Allen:
Ranka ya daɗe wannan gaskiya ne. Ni kuma abin da zan ƙara, a riƙa ajiye lamba da +234 a gaba, a cire sifirin farko. In ka tsallaka Seme ko ka je Umara, lambar da ta fara da 080 ba lallai ta shiga ba. Na waje ma haka: Nijar +227, Ghana +233, Saudiyya +966, Benin +229. Masu hulɗa da Kwatano ku duba naku, tun ƙarshen Nuwamba 2024 lambobin Benin sun koma guda 10, an ƙara 01 a gaba. Akwai wanda ya yi wata guda yana cewa abokin cinikinsa ya gudu da kuɗi, ashe tsohuwar lamba yake ta bugawa.

Direban Tanka Apapa:
Ni matsalata ba ɓata ba ce, nema ce. Na duba wayata yanzu, Alhaji 137 ne a ciki. Alhaji, Alhaji 2, Alhaji sabo, Alhaji Glo, Alhaji na jiya. Musa kuma 19. Ranar nan ina layin lodi na kira Alhaji sabo zan ce a turo kuɗin hanya, ashe surukina ne.

Baban Walida:
Hahaha. Ya turo?

Direban Tanka Apapa:
Ya turo nasiha.

Mai Albasa Mile 12:
Ko cikin baƙin ciki kun sa ni dariya. Ni a nan ban da matsala, yadda nake sa nawa shi ne suna, sana'a, gari. Sani Direba Aliero, Iya Tumatir Ketu, haka. In na manta suna na rubuta Aliero, duk mutanen Aliero su fito.

Injiniya Ikeja:
Tsarin Baba shi ne daidai, ban da abin gyarawa. Alhaji da Malam da Hajiya a mayar da su ƙarshen suna, in ba haka ba rabin waya na ƙarƙashin harafi ɗaya. Mutum mai layi uku a zuba su a suna ɗaya, ba suna uku ba. Google Contacts ma yana da wurin haɗe masu maimaituwa. Akwai kuma gurbin ɗan bayani a ƙasan kowane suna da mutane ba sa kula da shi. Nan za ka rubuta wanda ya haɗa ku, lambar motarsa, ko buhu nawa ya ɗauka. Sannan a tsaya kan rubutu ɗaya: in Ɗanladi ne da ƙugiya, ko Danladi ba ƙugiya, a riƙe guda.

Maman Abba Idi-Araba:
Injiniya wannan tsarin na maza ne. Ni ba zan rubuta sunan maigida ba, ba zan rubuta na ɗan fari ba, balle na surukai. Abban Abba yake a wayata, uwar mijina kuma Hajiyarmu.

Nas Mai Dare:
Yaya ki bar shi a Abban Abba, ba wanda ya ce ki saki kunya. Amma ga abin da muke gani a wurin aiki. A kawo mutum daga hatsari a titin Ikorodu bai san inda kansa yake ba, waya a kulle da zanen yatsa, ba mu san wa za mu kira ba. In ma a buɗe take, ma'aikaciyar da ba ta jin Hausa ba ta san Abban Abba miji ne ba. Wayoyin Android da iPhone duk suna da wurin bayanin gaggawa, inda za ka sa lamba ɗaya ko biyu da za a iya kira ba tare da an buɗe wayar ba, har da rukunin jini. Minti uku ne aikin. Masu tuƙi da masu dako, ku na fi nufi.

Direban Tanka Apapa:
Wallahi ban san da wannan ba. Zan sa ƙanena.

Malamin Islamiyya Obalende:
Allah ya saka. Ina so in koma rabin tambayar Alhaji da aka tsallake, maganar alƙawura. Mu Hausawa da sallah muke yanka lokaci: bayan Azahar, bayan La'asar, tsakanin Magariba da Isha. Kalandar waya kuwa ƙarfe take nema. Kuma bayan La'asar ba lokaci ba ne, fili ne mai faɗin awa biyu da wani abu. A Kano wannan ba ya ɓata komai, in ka makara ka hau adaidaita ka isa. A Ikko in kun ce bayan La'asar, kai kana Obalende shi yana Agege, ɗayanku zai yi Isha a hanya. Ni yanzu in an ce min bayan La'asar sai in ce: a wane masallaci za mu yi La'asar ɗin? Shi ke nan an sami wuri, an sami lokaci, kuma ba wanda zai ji an yi masa boko.

Baban Walida:
Malam wannan dabara ta yi. Na ɗauka.

Malamin Islamiyya Obalende:
Sai a kula da abu biyu. Na ɗaya, rana tana riga faɗuwa a gabas. Legas na yamma da Kano, tsakiyar ranarmu tana bayan tasu da kusan minti 20, ta Maiduguri ta fi haka nisa. Wanda ya zo daga gida bai sauya gari a manhajar lokutan sallah ba, wayarsa za ta kira masa Magariba rana na sama. Na biyu shi ya fi cin mutane: daren Juma'a. A wurinmu dare ke gaba da yini, daren Juma'a shi ne daren da Alhamis ta wuce. Wani ɗalibina aka ce masa walima daren Juma'a, ya buɗe kalanda ya sa a Juma'a ƙarfe 8 na dare, ya je ya tarar an kwashe kujeru tun jiya.

Dattijon Agege:
To kun gani. Da a ka ya riƙe, da bai ɓata ba. Wayar ce ta rikita shi.

Malamin Islamiyya Obalende:
Baba wayar abin da aka ba ta ta riƙe. Haka jibi da gata da citta, da rana ita yau, da Laraba ta sama. Duk maganganu ne masu kyau a baki, amma ranar da aka faɗe su kaɗai suke da amfani. In ka rubuta jibi a waya ka dawo bayan kwana biyu, jibin wace rana? A mayar da shi kwanan wata nan take, a gaban mai maganar, a karanta masa ya ce e.

Ɗan Canji Allen:
Malam kwanan watan Musulunci fa? Mahaifina ba ya sanin Maris ko Afrilu, sai dai ya ce 10 ga Shawwal za a ɗaura auren wance.

Malamin Islamiyya Obalende:
Google Calendar da kalandar iPhone duk suna iya nuna kwanan Hijira a gefen na Bature, a saiti ake kunnawa. Amma lissafi ne aka riga aka yi, mu kuwa sanarwar ganin wata daga fadar Sarkin Musulmi muke bi, saboda haka ana iya samun saɓanin kwana ɗaya. In watan ya kama sai ka sake dubawa. Kuma kada ka sa abin Hijira ya riƙa maimaita kansa duk shekara a kalandar Bature, shekarar Hijira ta gaza da kwana 10 ko 11, baɗi zai faɗa wani wuri daban.

Ɗan Canji Allen:
Na gode Malam. Mu a sana'armu bambancin agogo ne ke cizo. Saudiyya na gabanmu da awa 2, Dubai 3, Chana 7, Ghana kuma tana bayanmu da awa 1. Wanda ke Guangzhou in ya ce ƙarfe 10 na safe, a nan 3 na dare ne. Na sa agogon garuruwan a fuskar waya, kuma duk alƙawari sai na tambaya: goman ku ko goman mu?

Direban Tanka Apapa:
Ku masu alƙawarin ƙarfe kaza kuna jin daɗi. Ni na isa in ce wa mutum gobe ƙarfe 9? Na taɓa kwana huɗu tsakanin Mile 2 da bakin defo. Kalandata ita ce in Allah ya fito da ni.

Tsohon Ma'aikacin Banki:
Direba naka daban ne, amma ga sauran jama'a ga abin da ya yi min aiki shekara da shekaru. Ba na sa tunatarwa a lokacin ganawa, a lokacin tashi nake sawa. Wayoyi suna zuwa da tunatarwar minti 10 ko 30 kafin lokaci. Wannan an yi shi ne don wanda ɗakin taronsa ke saman bene. Mutumin da ke Ikorodu yana da ganawa a Victoria Island, minti 30 me zai yi masa? Gadar Third Mainland kaɗai ta kusa kilomita 12, in ta cushe da safe ka manta. Tunatarwa biyu nake sawa: ɗaya daren jiya don in haɗa takardu, ɗaya awa 3 kafin lokaci. Kuma ganawa biyu rak a rana in akwai tsallaka gada. Wanda ya jera huɗu, biyu zai saɓa.

Baban Walida:
Jirgin ƙasan nan ya ɗan rage mana. Jan layi daga Agbado zuwa Oyingbo, shuɗin layi daga Mile 2 zuwa Marina. Akalla shi da lokacinsa yake tashi, kana iya ɗora alƙawari a kansa.

Tsohon Ma'aikacin Banki:
Haka ne, in inda za ka na kan layinsa.

Maman Abba Idi-Araba:
Ni tun jiƙewar littafin nan na koma kalandar waya da adashe. Zubi duk Asabar na sa shi yana maimaita kansa, ranar kwasa kuma na rubuta sunan mai ɗauka a kowane sati har zagaye ya ƙare, na ɗauki hotonsa na tura wa mata a WhatsApp. Gardamar ni ce ta bakwai, a'a ni ce, ta mutu. Ranar awo da rigakafin yara ma ciki nake sawa. Sai dai wani lokaci ba ta ƙara, sai na buɗe wayar in ga abin ya wuce tun safe. Me ke jawo haka Injiniya?

Injiniya Ikeja:
Hajiya, tsarin tsimin batir ne. Wayoyin Android da yawa suna kashe manhajojin da ke aiki a bayan fage don caji ya daɗe, musamman in an kunna tsimin wuta, mu kuwa da halin wutarmu kullum a kunne yake. A shiga saitin batir a cire kalanda daga cikin waɗanda ake takurawa, a duba an ba ta izinin sanarwa. Abin da ba ya ɗaukar wasa, kamar jirgi ko kotu ko ganin likita, a ƙara da ƙararrawar agogo, ita ta fi taurin kai.

Nas Mai Dare:
Kuma don Allah katin asibiti a ɗauki hotonsa. Rabin masu saɓa ranar likita cewa suke kati ya ɓata.

Ɗan Zango:
Ni fa ina da ja a kan wannan Google da kuke ta yabo. Ka kwashi lambobin iyalinka, matanka, abokan cinikinka, ka miƙa wa kamfanin da ke Amurka. Ga Truecaller, wanda bai taɓa saninka ba ya sa lambarka ya ga sunanka. Ni na duba tawa, Mai Bashi Kar A Ɗauka na gani. Wani ne ya ajiye ni haka, duniya ta gani.

Baban Walida:
Ɗan Zango ka biya mutumin mana.

Injiniya Ikeja:
Dariya a gefe, yana da gaskiya rabi. Truecaller kamfanin Sweden ne, ba na Google ba, kuma sunayen da yake nunawa da yawa daga wayoyin mutane suke fitowa. Ana iya gyara suna ko a cire lamba a shafinsu. Wanda ya fi wannan haɗari manhajojin bashin nan ne na intanet: ka ba su izinin ganin lambobinka, ranar da ka makara su bi kowa da tes suna tozarta ka. Duk manhajar da ta nemi ganin lambobi ka tambayi kanka me za ta yi da su. Tocila ba ta da hulɗa da lambar surukarka. Wanda kuma bai yarda da ajiya a intanet ba sam, akwai hanya: a fitar da lambobin duka zuwa fayil ɗaya mai ƙarewa da .vcf, a sa a memori ko filashi a ajiye a gida, a sabunta duk wata. Littafin Baba ne dai, na zamani.

Ɗan Zango:
Wannan na yarda da shi.

Dattijon Agege:
Kun zagaya kun zagaya kun dawo littafi. Abin da babba ya hango.

Tsohon Ma'aikacin Banki:
Akwai abu ɗaya da ba littafi ba waya da ke maganinsa: lamba tana tsufa. Layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba, kamfani na karɓewa ya sayar wa wani. Bara na ga hoton wata yarinya a WhatsApp a kan sunan wani abokina da ya rasu shekara uku, gabana ya faɗi. Ban iya goge sunan ba, sai na cire lambar na bar sunan. Kafin ka tura kuɗi ko magana mai nauyi ga lambar da kuka shekara ba ku gaisa ba, kira ka ji murya.

Malamin Islamiyya Obalende:
Allah ya jiƙansa. Ni ma akwai sunayen da na kasa gogewa, in na ci karo da su sai in yi musu addu'a.

Mai Albasa Mile 12:
Jama'a na dawo da labari. Layi ya tashi jiya da dare. Mun gwada neman imel ɗin da lambata, ya tambayi suna, mun sa duk sunan da na sani bai karɓa ba. Sai ɗana ya tuna tsohuwar wayata mai fasasshen gilashi tana hannun uwargida tun bara. Muka karɓo, ashe ba a taɓa cire asusun ba. Sunan da yaron shagon ya sa min kuwa Alaji Onion. Lambobi 1,140 muka samu a ciki, har da waɗanda na adana satin da ya wuce.

Injiniya Ikeja:
Alhamdu lillahi! Baba kada a taɓa komai tukuna. A sauya kalmar sirri daga wannan wayar, a rubuta a takarda, a tabbatar lambarka ce ta farfaɗowa, in da hali a goge wayar da aka sace daga nesa, sannan a fitar da ita daga asusun. WhatsApp kuma a sa masa fin mai lamba 6, sim ma a sa masa nasa. Fin ɗin sim in aka kuskure sau 3 sai da PUK, lambar da ke buɗe sim in ya kulle, shi ma a rubuta.

Mai Albasa Mile 12:
An yi wasu, saura gobe. Amma akwai saura. Uwargida ta ce tana ganin sunayen da ba ta sani ba suna cika mata waya, musamman na mata, sai ta riƙa gogewa. Ashe in ta goge a can, a wurina ma gogewa yake. Na daɗe ina neman wasu lambobi ina zargin wayata, ashe daga gida ne.

Maman Abba Idi-Araba:
Alhaji kada a ga laifin Yaya. Ni ma in na ga Iya Tumatir da Mama Ikorodu a wayata ban san su ba, hannuna zai yi ƙaiƙayi.

Injiniya Ikeja:
Waya biyu a asusu ɗaya, littafi ɗaya ne a hannun mutum biyu. A duba kwandon shara na Google Contacts, abin da aka goge yana zama kwana 30 kafin ya tafi gaba ɗaya. Wanda ya wuce haka sai haƙuri. Sannan a buɗe wa Hajiya nata asusun, amma sai an gama kwashe naka kafin a cire shi daga wayarta.

Mai Albasa Mile 12:
Mun duba, 16 sun dawo daga kwandon. Direba kuma na same shi tun kafin nan ta hannun 'yan kamashon tasharsu, yana Ogbomosho taya ta fashe, gobe da asuba zai shigo in sha Allah. Alƙawuran ne babu, ashe a wani ɗan littafin rubutu na cikin wayar nake sa su, shi bai haɗu da asusun ba. Na tuna guda uku, sauran sai wanda ya kira. Abin da ya rage min yanzu wata mata ce daga Ikorodu da ta ɗauki buhu 12 kafin azumi, tana cikin waɗanda aka goge da daɗewa. Doguwa ce, tana zuwa da yaro mai ɗingishi yana riƙe mata jaka. Duk ɗan Mile 12 da ke zauren nan in ya gan ta a layin albasa ya ce ina nemanta.

Dattijon Agege:
Da tana littafi.

Direban Tanka Apapa:
Baba a bar Alhaji ya huta. Injiniya, in na fito daga layin nan zan biyo Ikeja ka rage min Alhazan nan. Ranar dai ba zan iya faɗa ba.